Fis ɗin da Ya Kwana a Aljihun Merv Tregenza

Duk wanda ya taɓa kwana a Warrindi ya san kukan ƙofar garejin Merv Tregenza. Ƙarfe shida na safe yake ɗaga ta, ko ana sanyi ko ana zafi, kuma shekara talatin da huɗu tana wannan kukan. In an ce masa ya ɗiga mata mai, sai ya ce ai ita ce agogon gari. Daga nan ya ɗora butar shayi, ya share jan ƙasar da iska ta tura masa ciki, ya jera sukundireba a kan tebur daga babba zuwa ƙarami. Sannan ya jawo kujera bakin titi ya zauna yana kallon kudu, inda motocin ke ɓullowa.

Ni ce nake riƙe da kanti da gidan waya a tsallaken titi, sunana Maxine Liddy, don haka abin da zan faɗa ba labarin kanti ba ne, idona ya gani. Na ɗauki alƙalami ne don mutumin nan ya rufe garejinsa watan jiya, kuma ko tafi ɗaya ba a yi masa ba. Abin ya ci mini rai.

Merv rewaya ne, mai gyaran wutar mota. Amma abin da ya ƙware a kai shi ne motocin tsofaffin nan masu fansho, waɗanda da zarar sanyi ya shigo sai su kulle gida su kama hanyar arewa, inda ake ɗumi, a mota mai ɗaki, da gadonsu da murhunsu da firjinsu. Yawanci tsoron ɓarawo ke kawo su wurinsa. An fasa wa wani gilas a bakin babban kanti a birni, labari ya zaga sansanin matafiya, kowa na son makulli mai ƙarfi da jiniya mai tashin gari. Merv yana saka musu, kuma makullinsa ba ya buɗuwa da lallashi. Sai dai ba ya barin mutum ya tafi da wannan kaɗai. Yakan ce ɓarawo kayanka yake so, iska kuwa kai take so. Sai ya durƙusa ya saka ƙararrawar gas a ƙasa kusa da daɓe, don gas in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Ta hayaƙi a sama. Akwai kuma wadda ya fi ji da ita, mai shaƙo mugun tururin nan da murhu ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wanda ba shi da wari ba shi da launi. Ita daidai kan matashi yake kafa ta, ya haɗa mata jiniya ta musamman da fis ɗinta daban, ɗan abin nan da in an zare shi wuta ba ta kai wa jiniyar.

Kuma babu mai fita daga garejinsa sai ya gasa burodi. Wannan doka ce, kowa ya sani. Dalili kuwa, ya gano tun tuni cewa ba ɓarawo ke kashe ƙararrawa ba, mai ita ne. Ta yi kuka sau uku a kan hayaƙin burodin safe, sai a cire mata batir ko a rufa mata safa, a manta. Na taɓa tsayawa da kofin shayi ina jinsa da wani dattijo daga Geelong.

“Maigida, ina batirin wannan?”

“Yana ciki mana.”

“Yana cikin rediyo,” in ji matarsa, ko kai ba ta ɗaga daga saƙarta ba. “Tun wasan ƙwallon ƙarshe na bara.”

“Ke wa ya tambaye ki?”

“Shekara arba'in da shida ba ka tambaye ni ba, kuma ban fasa faɗa ba.”

Merv ya matsar da ƙararrawar nesa da murhu, ya ciro burodi daga nasa kwandon, ya ce a gasa yadda aka saba, har ya ɗan ƙone. In ta yi shiru, ya kunna takarda a ƙarƙashinta ya ga ta farka. Sai a lokacin yake ba da makullin mota. Tare da makullin kuma yana miƙa kati ɗaya na gidan waya, da kan sarki a manne, da adireshinsa da ya rubuta da hannunsa. “In kun isa inda za ku, ku jefa shi a akwati,” yakan ce. “Ba sai kun rubuta komai ba.”

Asalin katin nan tsoho ne. A shekararsa ta uku ya yi wa wasu ma'aurata aiki, bayan sati biyu wani direban tirela ya ce ya ga mota mai ɗaki ta ƙone ƙurmus can arewa, fara mai shuɗin layi. Tasu ma haka take. Merv ya yi tambaya har ya gaji, bai taɓa sanin ko su ne ba. Aikinsa irin wanda in ya yi kyau ba mai dawowa ya faɗa maka ne, in ya ɓaci ma ba mai dawowa. Tun daga ranar yake raba kati. Talata da Juma'a motar wasiƙu ke zuwa, kuma kafin in kwance bakin buhu yana tsaye a gaban kantata yana yi kamar sigari ya zo saya, alhali ya bar sha tun kafin matarsa Joan ta rasu. A cikin kati biyar, ɗaya ke dawowa. Waɗanda suka dawo suna manne a bangon garejin har rufi, sauran kuwa yana riƙe da su a ka.

Kai ne kunnen matafiya, Merv. Kai ne ka kwana da zullumin mutanen da suka manta sunanka kafin su kai gidan mai na gaba. Na faɗa maka a gabanka cewa wannan wahalar da kai ce, ka yi dariya ka ce in auna maka sukari.

Abin da gari bai sani ba, ni kuma na sani na yi shiru, shi ne kunnen nasa ya fara tafiya. Muryar mutum yana kamawa in yana kallon baki. Amma siririyar ƙara irin ta jiniya, shekara biyu ke nan ba ta shiga. 'Yarsa da ke Perth ta daina bugo waya don ta gaji da maimaita magana, ta koma aiko da kati a Kirsimeti. To ta yaya mai saka jiniya ke gwada jiniya? Da karensa. Rusty tsohon karen kiwo ne, yana kwance a kan buhu a bakin ƙofa, kuma ya tsani ƙarar nan tsana mai tsanani. Merv ya danna maɓallin gwaji, ya waiga. In Rusty ya zabura ya fice da kunnuwa a kwance, aiki ya yi. Haka suka yi shekara biyu, mutum da kare, ba a taɓa samun kuskure ba. A farkon watan Yuli Rusty ya kwanta a kan buhunsa bai tashi ba. Merv ya binne shi a bayan gareji, ya bar buhun a inda yake.

Bayan kwana tara Glenys Harkin ta iso. Mace ce 'yar shekara saba'in da ɗaya, ita kaɗai a mota, da gwangwanin biskit ɗaure da bel a kujerar gaba. Tokar gawar mijinta Frank ce a ciki. Ya yi wasiyya a zuba ta a bakin tafkin gishirin da suka saba yada zango, can gabas ta hanyar burji. A hanya an fasa mata ƙofa a wani gari, ɓarayin suka buɗe gwangwanin suna neman kuɗi, suka bar shi a buɗe a kan gado.

“Makulli nake so, bawan Allah. Wanda ko kai ba za ka iya buɗewa ba.”

“Za ki samu. Amma sai kin gasa burodi.”

“Ban zo karin kumallo ba.”

“Kowa haka yake cewa, baiwar Allah. Man shanu ko jam?”

Ya yi mata aiki yini guda. Da la'asar ya danna maɓallin ta kan matashi, jar fitila ta kama. Ya waiga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, buhu ne kawai. Sai ya dubi Glenys. Ita kuma ta ga ya dube ta, ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Ya ɗauka ta ji. Ita ma ta ɗauka ya ji, don na'urar kunnenta tana cikin jaka tun safe, batirinta ya mutu, da kallon baki take kama magana, kuma ba ta ga dalilin gaya wa baƙon namiji cewa ita kurma ce ba. Ya ba ta makulli da kati. Ta tsallako wurina ta sayi madara da salatif mai faɗi nadi uku, ta kwana a bayan kanti, da sassafe ta kama hanya.

Ranar Juma'a ce. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Merv ya shigo jiran buhu, akwai kuma ƙunshin kaya da zai sa wa hannu. Ya zaro biro daga aljihun riga, wani ɗan abu ja ya biyo shi ya faɗo kan kanta. Fis ne, na jiniyar kan matashi, wanda ya zare yana aiki ya manta bai mayar ba. Ya tsaya yana kallonsa, na ga fuskarsa ta zube.

“Maxine,” ya ce a hankali, “matar jiya, me ta saya?”

Na faɗa masa. Da na ambaci salatif sai ya dafa kanta. Ba sai an yi wa ɗan Warrindi bayani ba. Duk baƙon da zai hau burji sai ya liƙe kowace kafar iska ta motarsa don kada ƙura ta shiga masa gado, in ya isa kuma ya manta ya ɓare. Ga sanyin Yuli, tsakiyar hunturunmu, mai shiga ƙashi. Mace ita kaɗai, tana tsoron ɓarayi, za ta kulle kanta ciki ta kunna murhu don ta ji ɗumi. Jiniyar da za ta tashe ta kuwa, ga fis ɗinta a kan kantata.

Can babu waya. Na ce bari in kira 'yan sanda, ya ce in kira, amma daga inda suke sai sun yi awa biyar. Zai iya tsayawa nan. Ya sanar, ya sauke nauyi, kuma babu wanda zai taɓa sanin daga aljihun wa fis ɗin ya fito, don ni ba zan faɗa ba. Ya ɗauki fis ɗin ya mayar aljihu, ya cika jarka biyu da mai, ya hau tsohuwar a-kori-kurarsa. Ko ƙofar gareji bai sauke ba, ni na je na sauke.

Kilomita ɗari biyu da sittin ne, mafi yawa burji mai kwazazzabai. Mutum ɗan shekara sittin da tara, shi kaɗai, da kujerar gefe wadda har yanzu gashin kare ke manne a jiki. Daga baya na tambaye shi me ya yi ta tunani a hanya. Ya ce farar mota mai shuɗin layi.

A mararrabar tafkin ya tarar da Bruno Zanker, mai tuƙa gireda, yana gyaran hanya. Daga bakin Bruno na ji sauran, kuma Bruno ba ya ƙara gishiri, don magana ma wahala take ba shi.

“Tsoho, ina za ka da wannan akwalar? Makabartar motoci tana baya.”

“Ka ga mace a farar mota?”

“Tun hantsi. Ta ɗaga mini hannu kamar sarauniya.”

“Hau, ka taho da rediyonka.”

Sun isa rana ta karkata, iska na kaɗawa daga kan gishirin. Motar na tsaye ita kaɗai a fili, labule a sauke, kowace kafar iska an liƙe ta tsaf da salatif. Merv ya buga ƙofa, shiru. Ya ja marfin, makullinsa ne, wanda ya yi alkawarin ko shi ba zai buɗe ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ɗauko ƙarfen taya ya fasa gilashin gefe. Jiniyar ɓarayi ta ɗauka, Bruno ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Merv kuwa ya zura hannu ya zare sakata kamar ba abin da ke faruwa.

Tana zaune a bakin gado ta jingina da bango, bargo a kafaɗa, gwangwanin a cinyarta, kai ya langaɓe. Murhu biyu na ci, babu tukunya a kai. Saman kanta jar fitila na ta ƙiftawa, babu sauti. Suka cicciɓo ta waje suka kwantar a kan ƙasa. Tana numfashi, amma da ƙyar. Merv ya koma ya kashe gas, ya bi motar yana ɓare salatif da farce. Bruno na ƙoƙarin kiran likitocin da ke zuwa a jirgin sama ta rediyo, ba ya jin abin da ake ce masa.

“Merv, kashe abin nan mana!”

“Kashe me?”

Bruno ya ce a nan ya gane Merv ba ya jin jiniyar. Sannan ya je da kansa ya cire kan batir. Asirin shekara biyu ya tonu a wurin. Merv ya cire rigarsa ta sanyi ya lulluɓa mata, ya zauna a ƙasa ya riƙe mata gwangwanin har aka kai ta filin saukar jirgi na gidan gonar da ke kusa. Likitan ya ce da an ƙara awa ɗaya, da sai dai a yi wa mutum biyu jana'iza a bakin tafkin.

Bayan sati ta dawo ɗaukar motarta, wadda Bruno ya jawo zuwa Warrindi. Merv ya saka sabon gilas, ya mayar da fis. A gabana suka haɗu. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba, ya ajiye maganar yadda take, bai rage komai ba. Ya ce shi ya bar fis a aljihu, shi ya danna maɓalli bai ji komai ba ya yi kamar ya ji, kuma in tana son kai ƙara ga sunansa a jikin allon gareji.

Glenys ta gyara na'urar kunnenta. “Sake faɗa, ban ji farkon ba.”

Ya sake faɗa, duka.

“To ni ma ban ji ba ranar, na gyaɗa maka kai kamar ƙadangaruwa,” ta ce. “Kurame biyu sun tsaya suna yi wa juna ladabi. Da Frank yana nan da ya yi dariya har ya shaƙe.” Sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce ba ta kai ga zuba tokar ba. Ta zauna ne kawai ta ɗan ji ɗumi tukuna, don in ta zuba, shi ke nan ita kaɗai ce a motar.

Merv ya ce ya san wannan. Ya sa na tsaya a bakin motar, ya danna maɓalli, na kusa yar da kofina. Ya dubi fuskata ya gamsu. Ya karɓe sauran salatif ɗin, ya ba ta sabon kati, don na farkon ya ɓace a hargitsin.

Babu wanda ya ce ya rufe gareji. Bruno bai gaya wa kowa ba, Glenys ma haka. Na ce masa ya je Adelaide a saka masa na'ura, ko ya riƙa kirana in yi masa aikin Rusty, ai tsallaka titi ne. Na'urar ya saka, ta taimaka da hira, amma ya ce ba zai ɗora ran mutum a kan batir ɗan mitsitsi da kunnen maƙwabciya ba. Ya bi sawun sauran motoci biyun da ya yi wa aiki bayan mutuwar karen, ya same su ta rediyon direbobi, ya sa aka danna maɓalli wani ya shaida masa. Sannan ya sauke allonsa. Na yi masa faɗa, na ce girman kai ne. Na san ba shi ba ne, haushin rashin kukan ƙofar nan da safe ne yake cina.

Kai ne wanda ya yi kuskure ɗaya a shekara talatin da huɗu, ka bi shi kilomita ɗari biyu da sittin ka kamo shi da hannunka, sannan ka tsaya a gaban mai haƙƙi ka kira shi da sunansa. Na ga masu sana'a da yawa sun ratsa garin nan. Ban ga na biyunka ba.

Katin Glenys ya yi sati goma sha ɗaya bai zo ba. Talata da Juma'a yana zuwa, in zazzage buhu, ya ce to, wataƙila mota ta gaba. Ya rame a idona. Ranar da ya zo, hoton teku ne a gaba, daga can yamma. Ta rubuta: “Na koma tafkin na zuba Frank, da tagogi a buɗe. Na isa. Kowace Lahadi ina danna maɓallinka, maƙwabta sun tsane ni.” Merv ya karanta sau biyu. Ya juya wajen ƙofa da katin a hannu, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin kan kare, sai ya tuna. Ya saka shi a aljihun riga, inda fis ɗin ya kwana.

Mun gode, Merv Tregenza. Na gode a madadin waɗanda suka farka da safe a wani sansani ba su san an taɓa tsare musu numfashi ba. Masu sana'a, ku koyi wannan: in aiki ya bar hannunku, kada ya bar ranku, in kun yi kuskure kuma ku bi shi tun yana da zafi.

Ku kuma matafiya, da ku nake. Ku ɓare salatif ɗin nan in kun sauka daga burji, ku mayar da batir inda kuka cire shi. Sannan ku buɗe akwatin gaban mota, ƙarƙashin tsofaffin taswira da takardun mai. Da yawanku akwai kati a wurin, ya yi rawaya, da adireshi cikin rubutun hannu mai karkata. In kan sarkin ya tsufa, ku jefa shi haka, ni zan cika. Garejin a rufe yake, amma mai shi yana nan, kuma har yanzu bai san ko kun isa ba. Motar wasiƙu Talata da Juma'a take zuwa, shi kuma tun ƙarfe goma yake tsaye a gaban kantata.